FILIN MATA: Data Mai Sauri Da Mai Nawa, Wacce Za Ki Bi?

 

Da na yi niyya mu yi zancen ajiyar masara da shinkafa a wannan mako, sai ga wasiƙu biyu sun iso mini kusan rana ɗaya, kuma dukansu a kan waya su ke magana. Da na karanta sai na ga ashe maganar kuɗin cefane ce da zaman lafiyar gida, sabo da haka hatsi ya dakata tukuna.

Ta fari daga wata uwargida ce a Yaryasa, ƙasar Tudun Wada. Tana ɗinki, tana kuma sayar da atamfa da mayafai daga cikin gida, ta ɗauki hotonsu ta aika wa mata ta WhatsApp. Ta ce ƙarshen watan nan ita ce da ɗaukar adashi, ɗan wanta kuwa ya dame ta a kan ta sayi waya mai 5G, wai ita ce mai sauri, sauran duk sun zama tsohon yayi. Kuɗin adashin ba za su isa ba sai ta haɗa da tunkiyarta. Tana tambaya, ta sayar ko ta bari?

Ta biyu daga wata 'yar makaranta ce a Kiru, tana ajin ƙarshe na sakandare. Da wayar mahaifiyarta ta ke duba darussa. Ta ce da can giga 1 ya kan kai su mako biyu, amma tun da aka sake musu waya aka sa layi mai 4G, kwana uku ya ke yi. Yanzu mahaifiyar ta ƙwace wayar, tana zargin ko kallon banza ta ke yi da dare. Yarinyar ta rantse ba haka ba ne. Tambayarta ita ce, ko data mai sauri tauyayyen mudu gare ta?

To, kafin in amsa wa kowa, sai mun rarrabe abu biyu da mutane su ke cakuɗawa, watau yawa da sauri.

Ku ɗauki misalin ɗan garuwa. In ya kawo miki ruwa, kuɗin jarka ki ke biya. Ko bakin jarkar mai fāɗi ne ta juye cikin randa nan da nan, ko matsattse ne ya daɗe yana tsiyayawa, ruwan dai jarka guda ne, kuɗinsa kuma ɗaya. Haka data ta ke. A nan Nijeriya kamfanonin waya da jarka su ke sayar mana, watau mega kaza ko giga kaza, na kwana kaza. Mega 1,000 shi ne giga 1, ko da ɗan ɗori. Ba a cika tambayarki ko mai sauri ki ke so ko mai nawa ba. Inda a ke sayarwa bisa sauri, galibi na'urar nan ce da a ke kafawa a gida ko ofis a manyan birane, wannan kuwa ba ita ce damuwarmu a Bebeji ko Doguwa ba. Saurin da ki ke samu a wayar hannu daga abu uku ya ke fitowa: ƙarfen sabis da ke kusa da ke, da irin wayarki, da irin layin da ke cikinta. In ɗaya ya gaza, sauran biyun ba su da abin yi.

Yaya za ki san bakin jarkarki? Ki kunna data ki dubi can saman wayar, kusa da sandunan sabis. Za ki ga harafi. In kin ga E, wannan 2G ke nan, kakar sauran, irin wadda aka fara da ita sa'ad da wayar salula ta shigo ƙasar nan cikin 2001. In kin ga H, ko H da alamar tarawa, ko 3G, kin ɗan matsa gaba. In kin ga 4G ko LTE, abu ɗaya ne, manyan kamfanoni sun fara shi wajen 2016. Sa'an nan 5G, autarsu, wadda MTN ya buɗe cikin 2022, Airtel ya biyo baya cikin 2023.

Ana auna sauri da wani abu wai shi megabit a sakan. Kada sunan ya ruɗe ku, ba shi ne megan da ki ke saye ba, sai an tara megabit 8 a ke samun mega 1. Lissafin da ya kamata ki riƙe shi ne wannan: in waya tana jan megabit 1 a kowane sakan ba tsayawa, cikin awa guda ta sha mega 450. E ba ya kai ko rubu'in megabit 1. 3G ya kan ba da ɗaya zuwa 'yan kaɗan. 4G ya kan kai goma ko ashirin ko fiye, in babu cunkoso. 5G kuwa ɗaruruwa a ke magana.

Yanzu mu tambayi kanmu tsakani da Allah, me mu ke yi da waya kullum? Gaisuwa a rubuce, saƙon murya, kiran 'yan'uwa, aika hoton kaya, duba ko kuɗi sun shigo, sauraron karatu ko wa'azi, kallon yadda a ke wani girki ko yankan ɗinki. Saƙon rubutu ba ya cin kome, sai ki aika ɗaruruwa mega 1 bai tafi ba. Kiran murya ta WhatsApp bai kai mega 1 a minti ba. Hoto, tun da ya ke WhatsApp yana matse shi kafin ya aika, ya kan ɗauki guda biyar ko fiye kafin a ci mega 1. Duk waɗannan 3G mai kyau ya ishe su. Kiran bidiyo ne ya ɗan fi ci, kamar mega 5 a minti, shi ma bai fi ƙarfin 4G ba ko kusa. Babban maciyi guda ɗaya ne, kallon bidiyo.

Nan ne amsarki ta ke, 'yata ta Kiru, ki kuma karanta wa Mama wannan wurin da kyau.

Ba a tauye muku mudu ba. Giga 1 na 4G daidai ya ke da giga 1 na 3G. Abin da ya faru shi ne, YouTube da ire-irensa suna da wata ɗabi'a: su kan leƙa su ga ƙarfin sabis ɗinki, in sun ga mai rauni ne su ba ki hoto dishi-dishi, in sun ga mai ƙarfi ne su ba ki hoto tangaran, ba tare da sun yi shawara da ke ba. Hoto tangaran kuwa tsada gare shi. YouTube da kansa ya faɗi saurin da kowane mataki ke bukata. Mataki na 360 yana son kasa da megabit 1, watau 0.7. Na 480 yana son 1.1, na 720 yana son 2.5, na 1080 kuwa 5. In kin bi lissafinmu na ɗazu, awa guda a 360 wajen mega 300 ce, giga 1 ya ba ki kamar awa uku ke nan. A 720 awa guda ta haura giga 1. A 1080 ko rabin awa giga 1 ba zai cika ba. Ga shi malamin lissafin nan ɗaya ne, allonsa ɗaya, bayaninsa ɗaya. Kin biya ninki bakwai don ki ga zaren hularsa.

Maganin ba shi da wuya. In kin buɗe bidiyo, ki taɓa alamar nan mai kama da haƙoran ƙafar keken ɗinki, ki shiga wurin ingancin hoto, ki zaɓi 360. In rubutun allo bai fito sosai ba, ki hau 480, ki tsaya nan. A fuskar waya 'yar tafin hannu, abin da ya wuce wannan ado ne kawai. Darasin da ki ka san za ki maimaita, ki saukar da shi sau ɗaya ki ajiye, kada ki riƙa biyan kuɗinsa kowane dare.

Akwai kuma ɓeraye uku da ke shiga rumbun data ba a ji motsinsu ba. Na fari, Facebook da TikTok, waɗanda ke kunna bidiyo da kansu, suna kuma jawo na gaba tun ba ki gama na yanzu ba. Da sabis ya ke da nawa, jira ya kan gajiyar da mutum ya ajiye wayar. Yanzu da babu jira, sai yatsa ya yi ta shafawa. Na biyu, zaurukan WhatsApp, na dangi da na Islamiyya da na 'yan ajinmu da na bikin wance. Kowa ya jefo bidiyo wayarki ta kwashe, ko kin so ko ba ki so. Ki shiga saitin WhatsApp, wurin ajiya da data, ki hana shi saukar da bidiyo da hotuna sai wanda ki ka taɓa da hannunki. Na uku, wayar da kanta, in ta ga hanya ta buɗe ta kan shiga sabunta manhajojinta, wani sabuntawar guda ya fi mega 100. Wannan ma ana kashe shi a Play Store. Ban ƙidaya ɓera na huɗu ba, mai ƙafa biyu, watau yayanki ko ƙanenki da ya san yadda a ke jona wayarsa da ta Mama. A sake lambar sirrin, a ga ko giga zai ƙara kwana.

Ke kuma Mama, ba na ce ki saki wayar ba lura ba. Amma kafin a yanke wa yarinya hukunci, a cikin saitin kowace babbar waya akwai wurin da a ke nuna manhajar da ta ci data, da yawan abin da kowacce ta ci. Ku zauna tare ku duba. In YouTube ne a sama, ga bayaninsa na yi. In TikTok ne, to, wannan ku kashe a tsakaninku, ba ruwana.

Sai ke, 'yar'uwata ta Yaryasa. Ki bar tunkiyarki ta ci dusarta.

Sa'ad da aka buɗe 5G cikin 2022, birane bakwai aka fara da su: Ikko, Abuja, Fatakwal, Badun, Kano, Owerri da Maiduguri. An ƙara wasu daga baya, amma har yanzu abin na manyan garuruwa ne, a cikinsu ma ba kowace unguwa ba. Dalili kuwa, irin zangon da 5G ke tafiya a kai ba ya cin nisa, ba ya kuma ratsa bango sosai, sai an kafa ƙarafa kusa da juna, kamfani kuwa ba ya kafa ƙarfe sai inda ya ga jama'a cunkus. Waya mai 5G in ta je inda babu 5G, 4G za ta kama, daidai da ta maƙwabciyarki wadda ba ta kai rabin kuɗinta ba. Ba sai kin gaskata ni ba. Ki ce wa ɗan wan naki ya aro waya mai 5G, a kawo ta cikin ɗakinki, nan inda keken ɗinkinki ya ke, a kunna a ga harafin da zai fito. Na ce cikin ɗaki da gangan. Maza su kan gwada sabis a bakin titi ko a ƙofar gida su ce garau ne, su manta mu a can ƙurya mu ke wuni, bayan katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano, sabis kuwa ya kan rage ƙarfi kafin ya iso mu.

A ce ma 5G ɗin ya fito. Hoton atamfa da 4G ke aikawa cikin sakan biyu, shi zai aika cikin ƙiftawar ido. Wace mai saye ce za ta fasa ciniki don sakan biyu? Abin da sana'arki ke so waya ce mai 4G, mai kyamarar da ke fito da launin zane yadda ya ke, mai batir da zai wuni, tun da ya ke wutar lantarki ba ta da tabbas kuma mai caji ba kyauta ya ke yi ba. Ragowar adashin ki zuba a jari. Turmi uku na atamfa sun fi harafin da ba zai fito ba.

Kada dai a ji na faɗi haka a zaci ina yabon nawa. Mai nawa ma tana da tata hasarar, ni kaina na ɗanɗana. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi, farkon 2023, da aka sake fasalin naira, na tsaya gaban mai shinkafa da mudu huɗu a ƙulle cikin leda, wayata tana kan E, alamar nan tana ta juyawa kamar dutsen niƙa. Aka cire kuɗin daga wajena, shi bai gani ba. Na bar shinkafar na koma gida hannu rabbana, kuɗin ba su dawo ba sai bayan kwanaki. Tun ran nan na san manhajar banki ba ta shiri da E. Haka shafin duba sakamakon jarrabawa, haka cika takardar neman makaranta, su kan yanke a tsakiya a koma farko. Ga kuma wata hasarar da ba a lura da ita: in kin sayi data ta kwana bakwai alhali sabis ɗin unguwarku ba ya iya jan ta, kwanakin za su cika data na nan, ta tafi a banza, sai fa in kin sake saye kafin wa'adi a haɗa miki da ragowar. Sabo da haka wadda za ta sayi waya ta hannu a kasuwa, ta tabbata mai 4G ce. Wadda ta tsaya a 3G, kome arahar ta, a bar wa mai ita. Tsohon layi ma da aka yi shekaru da shi, in bai san 4G ba, a kan sake shi a ofishin kamfani ba tare da lambar ta canja ba.

'Yar ƙaramar wayar nan mai madannai da tocila kuma kada a raina ta. Kira da saƙon tes ba su bukatar data ko kaɗan. Tura kuɗi ta lambobin banki masu farawa da tauraro ma haka, 2G ya ishe shi, sai dai tun 2025 daga katin wayarki a ke cire ladan, naira 6 da kwabo 98 a kowane zama na minti biyu. Batirinta kuwa kwana da kwanaki. Mai tafiya Jos ko Saminaka ta Kwanar Ɗangora, in ta shiga dajin Falgore za ta ga sabis yana zuwa yana ɗaukewa, haka kuma tsakanin duwatsun Riruwai, don dutse ya kan tare shi. A irin wurin nan babbar waya wahala ta ke sha, ta yi ta laluben 4G tana zafi har batir ya ƙare. 'Yan'uwanmu na Doguwa da ƙauyukan da ke nesa da ƙarfe, in kun ga haka, ku shiga saiti ku tsayar da ita a 3G ko 2G, ta huta ku huta. In kun fito gari ku mayar.

Wani abin kuma, saurin ƙarfen sabis rabawa a ke yi, kamar tuwon gidan biki. Ran kasuwa a Kwanar Ɗangora ko Tudun Wada, ga masu POS, ga direbobi, ga fatake, kowa da waya a hannu, sai ki ga 4G a rubuce sanduna cike, amma hoto ɗaya ya ƙi tafiya. Haka bayan sallar isha'i, sa'ad da kowa ya kishingiɗa. Ba wayarki ce ta lalace ba. Aiki mai nauyi, kamar saukar da darasi ko aika bidiyon kaya, a yi shi bayan asuba, kafin a ɗora koko. Kuma kamfanin da ya fi ƙarfi a Kofa ba lalle ba ne shi ya fi a Rantan, balle Yako ko Burumburum. Tambayi matan layinku wanne ne ke kama musu a ɗaka. In wayarki mai layi biyu ce, ɗaya na kira ɗaya na data.

Game da saye, tun Janairun 2025 da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari, kowa ya ji a jikinsa. Ba zan rubuta farashi ba don ba ya zama wuri ɗaya. Ki danna *312# a kowane layi za ki ga na ranar, *323# kuma ya nuna miki ragowar datarki. Ki raba kuɗin da yawan gigan, ki ga nawa kowane giga ya kama. Yawanci sayen ta wata ya fi sayen ta kullum sauƙi, kamar mai awo da tiya da mai sayen gwangwani. Amma a gidan da yara ke taɓa wayar, ta mako ta fi, don in ta wata ce ran biyar ga wata za a side ta. Akwai 'yar ƙarama wadda a ke yi don WhatsApp ko Facebook kaɗai, ta dace da mai sana'a irin ta Yaryasa, sai dai in an aiko miki da wani shafi na waje ba zai buɗe ba. Akwai ta dare mai araha, daga tsakar dare zuwa wajen asuba. Ban hana ba, amma 'yar makaranta ta sa abin da za ta saukar ta kwanta, ban ga amfanin darasin da aka saukar ƙarfe biyu na dare aka yi gyangyaɗi a aji ba. Wadda kuma a ke ce wa ba ta da iyaka, ki karanta ƙananan rubutun. Da yawansu in kin kai wani adadi sai a matse bakin jarkar, ta koma tsiyaya har wa'adi ya cika. In an tambaye ki ko a riƙa sabunta miki da kansu, ki zaɓi sau ɗaya, in ba haka ba katin da ki ka sa don kiran Inna shi za a kwashe. Mai ƙorafi ta kira 300, layin kamfaninta ke nan. In ba a share mata hawaye ba ta kira 622, na NCC, kyauta ne.

'Yan matanmu masu shirin JAMB, ku tuna tun 2015 da kwamfuta kaɗai a ke rubuta ta. Abin da zai taimake ku manhajar gwaji ce wadda a ke saukarwa sau ɗaya ta yi aiki ba data. Lambar rajista da sakamako kuma ta saƙon tes a ke nemansu a 55019 ko 66019, da layin da aka yi rajista da shi, ko da 'yar ƙaramar wayar ce. Ku riƙe layin nan da kyau, kada a ba ƙane ya ɓatar.

Ina roƙon masu karatu na Riruwai da Dariya da Tagwaye, da na bakin Tiga, ku rubuto ku gaya mini harafin da ke fitowa a wayoyinku cikin ɗaka, da rana da kuma bayan isha'i, in tara in buga don amfanin masu shirin sayen layi. Ke ma ta Yaryasa, ina jiran labarin abin da wayar aron ta nuna. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai zancen masara da ƙwari.